Gado daga ƙetare: nemi takarda kafin ka koro shanun

 

Yau maganar gado za mu yi, da kyautar da ake aiko wa mutum daga wata ƙasa. A yankin nan da wuya ka samu gidan da ba shi da dangi a ƙasa biyu ko uku. Mu ce uba ya rasu a Kamba, babban ɗansa yana Malanville, 'yarsa tana aure a Gaya. An biya bashin mamaci, an fitar da wasiyya, malamai sun raba, ɗan ya samu shanu 12. To, in zai ƙetaro da su, me hukuma za ta karɓa?

Mu fara da harajin gado shi kansa. Najeriya ta taɓa yin sa a 1979, ta soke shi a 1996. Amma in mamacin ya bar kuɗi a banki, ba za a ba ka ba sai da takardar kotu, ita kuwa tana da nata kuɗin. A nan Benin, a 2016 gwamnati ta yafe kuɗin rajistar gado da na kyauta. Sai dai irin waɗannan kuɗaɗe dokar kasafin kuɗi ce ke tsara su, kuma kowace shekara ake yin sabuwa. Don haka ka taka da ƙafarka zuwa ofishin lampo ka tambayi na bana, kada ka tsaya ga labarin tasha.

Inda harajin gado yake da haƙori sosai shi ne Turai. A Faransa, ɗa yana cin gadon Yuro 100,000 na farko babu haraji, abin da ya haura a yanka masa, har yakan kai kashi 45 cikin ɗari ga dukiya mai yawa. A Ingila kashi 40 ne a kan abin da ya wuce fam 325,000. Can ake biya, a hannun hukumar can. Saboda haka duk wanda ya bugo maka waya ya ce wani ya mutu a Turai ya bar maka miliyoyi, turo jikka 50 na haraji ta wayar salula, ɓarawo ne. Kashe wayarka kawai.

Mu a nan, abin da ke cinye gado yawanci a hanya yake. Saniya ba ta da tambarin gado a jikinta. Kai kana ganin shanun mahaifinka, ɗan duwan kuwa dabbobi 12 yake gani za su shiga ƙasa, kuma bai san ko kasuwa za ka kai su ba. In ba ka da abin nunawa, a matsayin haja zai ɗauke su, ko ma a zarge ka da fasa-ƙwauri. Rantsuwa ba ta shiga littafin duwan.

To me za ka riƙe? Na ɗaya, takardar mutuwa daga inda aka yi rasuwar. Na biyu, takardar rabon gado daga kotu, mai sunayen magada da rabon kowa. In a gida aka raba, a rubuta, shaidu su sa hannu, a kai wa hukuma ta buga hatimi. Na uku, ga dabbobi, takardar allura daga likitan dabbobi. Ka duba kuma sunanka da ke takardar ya yi daidai da na katinka, don Mamman a nan, Muhammadu a can, ya isa ya zaunar da kai mako guda. In da Turanci aka rubuta, a fassara ta zuwa Faransanci tun kafin ka taso.

Makiyayi, ka ƙara da wannan. Takardar kiwon ƙetare ta CEDEAO ta 1998 ba takardar mallaka ba ce, kuma tun ƙarshen 2019 Benin ta hana shigowar garkunan kiwo daga maƙwabta. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, kuma kowa ya ga yadda aka rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Ka yi lissafi da kyau. Wani lokaci ya fi maka sauƙi ka bar shanun a hannun ɗan'uwa da rubutacciyar amana, ko ka sayar a can ka sayi wasu a nan. Tsakanin Gaya da Malanville sefa ɗaya ce. Daga Kamba kuwa sai ka canza naira, canjin ma yana cin nasa. In tsabar kuɗin da za ka fitar daga Najeriya ta haura dalar Amurka 10,000, doka ta ce ka bayyana wa kwastan.

Kyauta ma haka take. Ƙaninka ya aiko maka mota ta tashar jirgin ruwan Kotonu don Allah da zumunci, amma duwan kuɗin shigo da mota za ta nema. Ka tambayi adadin tun ba a ɗora ta a jirgi ba, kada kyauta ta zama bashi. In kuɗi aka turo, ajiye rasit, domin ranar da ka sayi kanti da su, shi zai nuna inda suka fito.

Dattawa, ku ma da naku aikin. Wanda ke da shanu a Nijar, shago a Benin, bashi a Najeriya, ya kira 'ya'yansa maza da mata tun yana da lafiya, a rubuta abin da ke ina da wanda ke riƙe da shi. Marayun da za ka bari ba su san hanyoyin da ka bi ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a abin da suka bari. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.