Gawon da ke Cikin Gona, na Wane ne?



Ba zan ɓata muku lokaci da maƙalar Garrett Hardin ta 1968 kan lalacewar dukiyar da jama'a ke tarayya a kanta ba, ko amsar da Elinor Ostrom ta bayar har ta samu kyautar Nobel a 2009. Duk kun karanta. Jayayyata da abokan aikinmu na ma'aikatun gandun daji ce, waɗanda har gobe suke ganin bishiya ba ta tsira sai hukuma ta tsaya a kanta da sanda.

Mu tsallaka iyaka zuwa Maraɗi. Dokar daji da Faransawa suka kafa a 1935 ta mai da itatuwa irin su gawo kayan hukuma, kuma Nijar ta gaji tsarin bayan 'yancin kai. Manomi ya sare reshe a gonarsa ta gado, malamin daji ya ci shi tara. To me zai yi? Da ya ga tsiro ya ɓullo sai ya sa fartanya ya kawar da shi tun bai zame masa jidali ba.

Wajen farin 1984, Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki a yankin, ya nuna cewa kututturan da ke gonaki ba matattu ba ne, saiwarsu na nan da rai. Manomi zai zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya rage rassan ƙasa, ya bar su su miƙe. Dabarar ke nan. Amma ba ta bazu ba sai da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata abin da ya raina nasa ne. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙarfafa hakan. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da bishiyoyi kusan miliyan 200, galibi a Maraɗi da Damagaram. Ba wanda ya raba dashe, ba tankar da ta kai ruwa. A ƙauyen Ɗan Saga har kwamiti suka kafa, da mata da makiyaya a ciki, yana tsaron itatuwa daga masu saran dare.

Ana ce mini in aka sakar wa talaka itatuwa, gawayi zai yi da su. Masu faɗin haka su je Maraɗi su gani.

Mu kuwa a Nijeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kowace damina sai a yi bikin dasa bishiya, kafin bazara awaki sun cinye. Ina roƙon majalisun jihohinmu su rubuta a doka cewa bishiyar da manomi ya raina a gonarsa tasa ce, ya sassabe, ya sayar, ya gadar. Kwamitocin ƙauyuka kuma a ba su ikon cin tara da kotu za ta amince da shi, a sa makiyaya a ciki tun ranar farko.