Jawabi Kan Farfaɗo Da Ginin Tukwane A Suleja



A garin nan namu, tun ana kiransa Abuja, Ladi Kwali ta shiga makarantar ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954. A nan ta koyi shafa wa tukunya ruwan sheƙi, haɗin toka da garin dutse da yumɓu, a gasa ta da wutar da ta haura digiri 1,200 har ta daina tsatsafo. Hotonta na kan naira 20, amma 'ya'yanmu nawa suka san haɗin nan?

Irin wannan tanderu ya fi ƙarfin magini ɗaya, sai an yi tarayya, a raba kuɗin itace. Muna roƙon kowane reshe ya ɗauki nauyin bulo, tun dattawan da suka iya aikin suna raye.