Hantsi Da Lafiyar Masu Juna Biyu

Hakimai da Malaman Hakimai na ƙasar Daura.

Kun tuna a Daura cutar korona ta fara ɓulla cikin Jihar Katsina, a watan Afrilu 2020. Mace mai juna biyu takan fi shan wuyarta. Likitoci sun lura waɗanda ta tsananta wa sau da yawa suna da ƙarancin bitamin D, abin da fata ke yi in rana ta taɓa ta. Ba maganin korona ba ne, amma yana ƙarfafa ƙashi da garkuwar jiki.

Saboda haka ku sanar da dagatai: matan kulle su riƙa shan hantsi a tsakar gida, kada camfi ya sa a hana su ƙwai, a bar su zuwa awo.

Allah ya sauke su lafiya, amin.