Biri da Ciwon Rigar Jijiya



Yau zancenmu kan biri ne. Ba birin wasa na ranar kasuwa ba, birin ɗakin bincike.

Ku dubi wayar lantarki. Roba ce ke rufe ta. Haka jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka suke da rigarsu. Akwai cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta cinye wannan riga. Likitoci na kiranta maltiful sikilerosis. Gani ya dushe. Ƙafa ta yi nauyi. Cokali ya suɓuce daga hannun matashiya, a ce iskoki ne.

To ina ruwan biri? A 1933, a cibiyar Rockefeller da ke New York, likita Thomas Rivers ya riƙa yi wa birai allurar ruwan ƙwaƙwalwar zomo. Wasu suka shanye. Da aka duba, rigar jijiyarsu ta zagwanye. Wannan ya buɗe wa masana hanyar gane yadda jiki ke yaƙar kansa.

Me ya sa biri? Garkuwar jikinsa ta fi ta ɓera kama da tamu. Ko rigakafin shan inna da ake ɗiga wa 'ya'yanmu, da birai aka gwada shi.

Amma biri rai ne, jama'a. Yana jin zafi, yana jin tsoro. Ni dai ina ganin kada a taɓa shi sai babu wata hanya, kuma a rage masa azaba.

Mu koma kan cutar: wanda ƙafarsa ke mutuwa tana farfaɗowa, a kai shi asibiti.