Amanar Masu Zana Alƙaluma



Alƙaluma jere cikin jadawali ba su cika motsa zuciyar mahukunta ba. Florence Nightingale ta fahimci haka. A 1858, bayan Yaƙin Kirimiya, ta zana mace-macen sojojin Birtaniya cikin da'ira, kowane wata da yankinsa, kowane sanadi da launinsa. Shuɗi, launin cututtukan da ake iya hanawa, ya rinjayi ja, launin raunukan yaƙi, nesa ba kusa ba. Gani ya kori ji: zanen ya ƙarfafa kiran a gyara tsabtar asibitocin soja da barikoki.

Sai dai idon da ke saurin ganewa shi ke saurin ruɗuwa. In mai zana ginshiƙai ya fara ma'auninsa daga 90 maimakon sifiri, ginshiƙin 96 zai ninka na 92 sau uku. Bai taɓa lamba ko ɗaya ba, amma ya shara ƙarya.

Saboda haka, ku da za ku riƙe ofisoshin ƙididdiga gobe, ku bayyana inda kuka samo alƙalumanku, ku fara ginshiƙai daga sifiri, ku kuma ba abokan sana'a su duba kafin a buga. Jama'a da zanenku za su yanke hukunci.