Daɗin Kaka Yana Cikin Gida

(Jawabin da aka gabatar wa dattawa da membobi a taron zumunci na ƙarshen kaka)

 

Da aka ba mu wannan magana, wani babanmu dattijo ya ja mu gefe ya ce, "To, a cikin wannan halin da ake ciki, a kan tuwo da daɓen ɗaki za ku tara mutane?" Tambayar tana da nauyi. Duk mun san cewa a 'yan shekarun nan akwai ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna inda manomi ba ya girbin abin da ya shuka sai ya biya 'yan bindiga, wasu kuwa sun bar gonakin gaba ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota zuwa taro irin wannan ma ya zama abin lissafi. Amma muka ce masa, "Baba, i, a kan tuwo da daɓe ne. Ka yi haƙuri ka saurare mu."

Bari mu fara da abin da idanunmu suka gani a hanya. Gero ya daɗe da shiga rumbu. An yi roron wake, an cire gyaɗa, an naɗe harawa an ɗora a kan itatuwa saboda awaki. Dawa ce ake yanka yanzu, ga dammuna jingim a masussuka. Da asuba hazo yakan rufe gari, yara su kewaye murhu suna jin ɗumi, kowa da dankalinsa a cikin toka yana gadi kada wani ya zare. A duk shekara babu lokacin da talaka yake cin abinci mai daɗi kamar waɗannan makonni. Sabon wake ba ya cin itace, nan da nan ya nuna. Tuwon sabuwar dawa yana da wani ƙanshi da ba za ka same shi a watan Yuni ba, balle a zuba masa miyar taushe wadda ta ji kabewa da yakuwa da gyaɗa. Ranar da uwargida take matsar mai, unguwa duka ta sani, gama ƙanshin suyar ƙuli ba ya tsayawa a bakin danga. Ga dafaffiyar gurjiya, ga kantun riɗi, ga rake ya fara shigowa kasuwa, ga kunun gyaɗa mai zafi da ƙosai kafin a fita sujadar safe. Wanda ya yi shekaru a Legas ko Fatakwal, ku tambaye shi abin da ya fi kewa. Ba zai ce muku shinkafar otal ba.

Sai dai akwai wani abu a cikinmu da yake sa mu jin kunyar faɗin haka a gaban jama'ar Allah, kamar dai jin daɗin abinci rashin ruhaniya ne. Muna tsammani mun san inda abin ya samo asali. Kakannin da yawa daga cikinmu, kafin bishara ta iso gare su, da giya suke murnar kaka. Sabuwar dawa tana shigowa, tukwane suna hawa wuta. Da suka karɓi Almasihu suka rabu da giyar, kuma sun yi daidai, gama mun ga gidajen da ta rusa. Amma wasunmu da suka zubar da giyar, sai suka zubar har da murnar. Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. Ku duba Maimaitawar Shari'a sura 16, aya 13 zuwa 15, idan kun koma gida. Bayan an gama tattara amfani daga masussuka, Allah da kansa ya ajiye wa Isra'ilawa kwana bakwai na Idin Bukkoki, ya kuma umarce su su yi farin ciki. Umarni ne, kamar sauran umarnai. Ya ma lissafta waɗanda za a yi murnar tare da su: 'ya'ya, barori, baƙo, maraya da gwauruwa. Ku riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa.

Yanzu sai maganar gida. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta fara bushewa, hannu ya ɗan samu sarari, saboda haka tun zamanin iyaye wannan ne lokacin gyara abin da damina ta ɓata. Maza su kwaɓa ƙasa su yi yaɓe, a yanko gamba a saƙa sabuwar zana, a sauke tsohuwar jinka a baibaye sabuwa, a ja dangar kara. Mata kuma su gayyaci juna daɓe. Yaranmu da yawa ba su taɓa ganin ana daɓe ba, kuma abin tausayi ne. A baza tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe kowa da madaɓinta, suna bugu tare suna waƙa har ƙasa ta kwanta sumul. Sa'an nan a jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a shafe daɓen da ruwanta, ya yi duhu, ya yi ƙarfi, ya riƙa sheƙi. A shafa farar ƙasa a bango. Uwargida ta sauke jerenta ta wanke, ta sāke jera tasoshi da ƙore da fayafai masu launi, ta rataya sabon asabari a ƙofa. Idan ka shiga irin wannan ɗaki da yamma, ka zauna a sabuwar tabarmar kaba, ba sai an gaya maka cewa akwai mace mai hankali a gidan ba.

Ba muna zagin siminti da kwanon rufi ba ne. Wanda Allah ya hore masa, ya gina, mu zo mu taya shi addu'ar shiga. Amma kowa ya san ɗakin kwano firji ne a watan Disamba, tanda ne a watan Afrilu, ɗakin ƙasa kuwa yana riƙe ɗumi da dare, ya riƙe sanyi da rana. Abin da muke ƙi shi ne raini. Mun ji yaranmu da suka dawo daga makaranta suna jin nauyin kawo abokansu gida domin ɗakin uwarsu na ƙasa ne. Wanda yake wannan tunani, ya je Wusasa ya ga majami'ar St. Bartholomew, wadda aka gina bayan mishan ya taso daga cikin birnin Zariya a 1929. Da ƙasa aka gina ta, ginin magina Hausawa, da bakan gizo a ciki kamar soron sarauta, kuma tana nan tsaye. Masu bi na farko ba su ga cewa sai sun bar ginin iyayensu kafin su yi wa Allah sujada ba. Bayan shekara uku, a 1932, cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da harshenmu.

Wannan ya shafe mu fiye da kowa, domin mu 'yan kaɗan ne a inda muke zaune. Wane ne a nan ba a taɓa tambayarsa ba, "Kai Kirista ne, amma Hausarka ta fita haka?" Kamar dai wanda ya bi Almasihu ya sauya iyaye. Gardama ba ta amsa wannan tambaya. Zaurenmu da aka share, da furar da muka dama wa baƙo, da gaisuwar da 'ya'yanmu suka durƙusa suka yi, su ne suke amsawa. Har a majami'a ma, iyayenmu mata, ranar godiyar kaka ba dole ne sai an sayo furen roba daga birni ba. Damin dawa biyu a gefen bagade, da kabewa, da fayafan da kuka ɗinka da hannunku, sun fi shi kyau nesa ba kusa ba. Wannan ra'ayinmu ne, kwamitin ado ya yi mana gafara.

To, ƙaunatattu, ga inda maganar take da zafi. Duk wannan daɗi da muka lissafta yana cikin gidanmu a watan Nuwamba. Kafin ƙarshen Disamba, a gidaje da yawa, rabinsa ya tafi kasuwa. Me ya kai shi? Kirsimeti. Ankon Zumunta, ankon mawaƙa, ankon biki, takalman yara, buhun shinkafa, lemon kwalba. Babu mugun abu ko ɗaya a cikinsu. Amma da me aka saya? Da dawa da wake da aka fitar a lokacin da kowa yake fitarwa, lokacin da hatsi ya fi araha a duk shekara. 'Yan kasuwa su saya su tara, motoci su kwashe zuwa Dawanau da sauran manyan kasuwanni. Ba laifinsu ba ne, sana'arsu ke nan. Sai watan Yuli da Agusta, ga aikin gona ya yi yawa, ga rumbu ya koma sai ƙaiƙayi, mutumin nan da ya noma dawar shi ne zai tsaya a gaban mai awo yana roƙon bashin tiya ɗaya. Dattawa, ku ne kuke zaman sulhu, kun san yawan rigimar miji da mata da take zuwa gabanku a waɗannan watanni, kun kuma san cewa yawancinta daga tukunya take tasowa. Mun ga ma inda yunwar damina ta sa aka ba da yarinya aikatau a gidan da ba za ta ƙara jin sunan Yesu ba.

Bari mu yi lissafi a fili. A ce gida yana cin tiya ɗaya a rana. Daga farkon Disamba zuwa lokacin da sabon gero zai shigo a Satumba wata tara ne, wajen kwana 270. Idan buhu yana cin tiya 40, kusan buhu bakwai ke nan, ban da iri, ban da baƙi, ban da suna ko rasuwa. Maigida, kafin ka kira mai amalanke, ka zauna da matarka ku yi wannan lissafi bisa ga bakin da ke gidanku. Mun ce da matarka, gama ita ce ta san abin da tukunya take ci. Abin da ya ragu a bisa, shi ne na kasuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shugabannin Zumunta da na mawaƙa kuma, muna roƙonku da girmamawa, ku duba ko ankon bara ba zai sāke fita bana ba.

Wani zai ce, "Ina sayar da wake da wuri ne domin ƙwari." Gaskiya ne, wake ba ya jira. Iyayenmu da toka da yashi da barkono suke ajiye shi. Yanzu akwai buhun PICS mai ciki uku, wanda aka fara yaɗawa a ƙasashenmu tun 2007. A shanya waken ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane ciki dabam. Ƙwarin da ke ciki su rasa iska su mutu, ba tare da an sa magani ba. Abin da muke roƙo da babbar murya shi ne a daina yayyafa maganin feshi a kan abin da mutum zai ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda irin wannan guba da aka samu a ciki. Abin da baƙo ya ƙi saya, yaya mai bi zai zuba wa 'ya'yansa, ko ya auna wa maƙwabcinsa?

Mu koma ga lissafin nan na baƙo da maraya da gwauruwa, da kuma tambayar babanmu. A cikin ikkilisiyoyinmu akwai iyalan da bana ba su da rumbu, ba su da ɗakin da za su daɓe, suna zaune a ɗakin aro. Dokar kala da ke cikin Littafin Firistoci sura 19 domin irinsu aka ba da ita, kuma da ita Rut ta ciyar da surukarta a Baitalami. A wurare da yawa, hatsin da aka kawo baikon godiya akan yi gwanjonsa a ranar, ko a cikin makon, wato ikkilisiya ma tana sayarwa a lokacin araha. Shawarar da muke kawowa gaban dattawa ita ce, kowace majami'a ta ware wani kashi ta ajiye, a rubuta a littafi, mutum biyu su riƙe makulli, kada a taɓa sai damina ta yi tsakiya. Amma kada mu sa su jira Yuli kafin su ɗanɗana kaka. Wadda take suyar ƙuli a wannan mako ta kira 'yar'uwar nan da aka raba da garinta su yi tare, ta tafi da nata kason man. Masu yaɓe su tambaya ko ɗakin aron nan yana da tsaga.

Kwanon Kirsimeti kuma ya ƙetara danga kamar yadda aka saba. Maƙwabtanmu Musulmi suna aiko mana da naman layya, mu ma mu aika. Iyayenmu sukan kira maƙwabci ya yanka musu akuya ko zabi domin kowa ya ci da kwanciyar rai. Mun san wasu matasa suna ganin wannan kamar rauni ne. Mu dai ba mu ga abin da ya rage mana ba, kuma mun san gidajen da a ranar tashin hankali maƙwabcin da ya saba cin wannan kwano ne ya tsaya musu a ƙofa.

Shugaba, mun ga iyayenmu mata suna ta leƙowa, an ce kunu yana hucewa. Baba, kai da ka yi tambayar, muna roƙo ka tashi ka yi mana addu'ar abinci, ka tuna da waɗanda dawarsu take tsaye a gona ba su da ikon zuwa su yanke.