JIRGI MARAS MATUƘI A HIDIMAR WAYAR ISKA



Ya kamata kowane mai wayar salula ya san cewa maganarsa ba ta isa ga wanda ya kira kai tsaye. Sai ta fara sauka a hasumiyar sadarwa mafi kusa, wato ƙarfen sabis, sa'an nan ta wuce. In ambaliya ko guguwa ta kayar da hasumiyar, gari ya zama kurma ke nan, daidai lokacin da aka fi bukatar kiran likita da masu agaji.

A nan ne jirgin sama maras matuƙi yake da rana. Akan ɗaura masa eriya da na'urar karɓar saƙo, a ɗaga shi sama ya tsaya a madadin hasumiyar. Tudu da dogon gini suna tare saƙon rediyo, saboda haka gwargwadon tashin jirgin, gwargwadon faɗin ƙasar da zai wadatar.

An jarraba wannan a tsibirin Puerto Rico. A watan Satumba na 2017, guguwar Maria ta tsayar da aikin fiye da kashi 90 cikin 100 na hasumiyoyin tsibirin. A watan Nuwamba, kamfanin AT&T ya ɗaga wani jirgi mai iya tashi ƙafa 200, ya kai saƙo murabba'in mil 40. Igiya ce take haɗe shi da ƙasa, tana ba shi lantarki, shi ya sa yake daɗewa bai sauko ba.

Akwai kuma manyan jirage masu aiki da hasken rana, can bisa gajimare. Jirgin Zephyr na kamfanin Airbus ya yi kwana 64 a sama a 2022. Amma aikin yana da wuya da tsada. Kamfanin Facebook ya daina ƙera nasa, Aquila, a 2018. Don haka jirgin taimako ne na gaggawa, bai maye gurbin hasumiya ba.

Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 ta isa tunatarwa cewa ƙasar nan ma tana bukatar irin wannan tanadi. Sai dai komai da ƙa'idarsa. Izinin tayar da jirgi yana hannun Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya, rabon mita ga kamfanonin waya kuwa yana hannun Hukumar Sadarwa. Wanda ya ga jirgin masu agaji a sama, kada ya jefe shi, kada ya taɓa igiyarsa. Wataƙila ran wani ne yake rataye da ita.

Allah Ya kiyashe mu, amin.